Akwatunan Mutane a Shagon Kaka

Kakana na wajen uwa ya rasu ranar Laraba da hantsi, kafin la'asar an rufe shi. Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, babu mai musu, kuma an faɗa mini hakan a kwanakin nan har kunnena ya ƙoshi. Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne irin maganganun da na riƙa ji a zaman makokin.

Ni aka ɗora wa raba ruwa, saboda haka babu inda kunnena bai shiga ba. A cikin gida mata sun cika tabarmi, kowace ta shigo sai ta ce, "Allah sarki, Baba mai tibi," daga nan hira ta koma kan tsadar masara. A waje ƙarƙashin rumfa, wani mai babbar riga ya karɓi ruwa a hannuna ya ce wa na kusa da shi, "Ashe dama yana nan da rai? Ni na ɗauka ya daɗe da tafiya." Saura kaɗan in juye masa sauran ledojin ruwan a cinya. Samarin unguwa suka zo, suka shafa fatiha, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Wata Bafulatana mai tallan nono da ke shigowa daga bayan gari ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shigowa, ta ce wa Mma, wato mahaifiyata, "Nan nake sauke ƙwaryata in huta, yana kunna mini 'yan kokawa a tibi." Ta ajiye nono ta juya. Ita kaɗai ta sa ni hawaye ranar.

Sai Ticha. Tsohon malamin makaranta ne daga kudu, Kirista, maƙwabcin Kaka tun Mma tana yarinya. Ya zo cikin baƙin zane irin nasu na makoki, ya zauna a kujerar ƙarshe yana kuka da ƙarfi, har dattawa suka rasa inda za su sa idonsu. Mu mazanmu ba sa kuka haka a gaban jama'a. Babu dai wanda ya iya ce masa ya yi shiru.

Washegari 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su ma suka zo gaisuwa. Bakinsu na addu'a, idonsu na kan ƙofar shago.

Shagon ɗaki ne guda mai kallon titi a jikin gidanmu na unguwar Bulpiela, a Tamale. Nan Kaka ya ƙare rayuwarsa yana gyaran talabijin, irin tsofaffin nan masu ƙaton ƙeya. Sun cika ɗakin tun daga ƙasa har kusa da rufi, sai 'yar hanya siririya zuwa bencinsa. Ranar addu'ar uku, ana shafawa, Kawu, ƙanin Mma, ya ce a gaban mutane zai kira 'yan kondem su kwashe tarkacen ya gyara ɗakin. Liman yana sa takalmi, sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Na wane ne?"

"Na Baba mana," in ji Kawu.

Mma ta leƙo daga zaure. "Ba nashi ba ne. Na mutane ne, sun kawo gyara ba su dawo ba."

"To ai ba gado ba ne, amana ce," in ji Liman. "Ba a sayarwa, ba a rabawa. Ko mai abu ya karɓi abinsa, ko ya ce ya yafe. In ba haka ba, tana wuyan mamaci."

Kawu ya ce wa ke da lokacin bin gari yana neman masu kayan da ko kyauta ba za a karɓa ba? Na ce ni. Ban ma san bakina ya buɗe ba. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Yoo. Zuwa addu'ar arba'in. Washegarinta ɗakin nan fayau, ko kin gama ko ba ki gama ba."

Ni ba malama ba ce, sakandare na gama ina sayar da kayan kwalliya. Amma tun daga ranar, duk inda na zauna sai in ga tsohon nan kwance da akwatunan mutane jibge a ƙirjinsa. Abinci ma a tsaye nake ci.

Matsalar ita ce Kaka bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Abin da yake rubutawa a ƙeyar akwati, da alli, da ajami, shi ne ƙasar da ya fito. Jamus. Ingila. Holan. Lome. Shi ke nan.

Wanda ya tashi da waya a hannu ba zai gane dalili ba. A da, talabijin ba ko'ina yake aiki ba, kowace ƙasa da tsarin da take watsa nata. Kaka yakan ce, "Hoto da murya tare suke tafiya a iska, amma kowace ƙasa da tazarar da take bari tsakaninsu. Mu nan biyar da rabi. Ingila shida. Burkina da Togo shida da rabi." In na ce biyar da rabin me, sai ya ce, "Biyar da rabi dai, uwargida. Ina shayina?"

Na Jamus da Holan da Italiya, ka sauke shi daga mota ka jona, ya yi magana. "Bajamushe ɗan gida ne," in ji shi. Na Ingila kuwa ko ganin tasharmu ba ya yi sai an sake masa abin kama tasha, in ya gani kuma sai ka ga mai karanta labarai yana ta motsa baki kamar kifi, babu murya. Kaka yakan cire wani ɗan abu mai ƙafa uku, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya lika na biyar da rabi da dalma, sai akwati ya buɗe baki. Wanda aka sayo a Lome ko Wagadugu, kala ce take gudu, ya bar ka da fari da baƙi. Na Amurika wutarsu rabin tamu ce, duk mai ɗokin da ya jona shi kai tsaye, hayaƙi zai gani kafin hoto. Wanda alhazai ke dawowa da shi daga Makka shi ne ba ya so, wai yana jin yaren kowace ƙasa, bai bar wa mai gyara komai ba. Na Faransa kuma in ya gan shi sai ya ja tsaki ya ce, "Wannan shi kaɗai yake bin limaminsa."

Daga akwati abin ya koma kan mutane. Duk wanda ya kawo gyara ya rasa sunansa. "Matar Jamus ta zo?" "Ki kai wa Alhajin Holan eriyarsa." Wanda ya dawo daga turai yana ƙin cin tuwo da hannu, sai Kaka ya ce, "Ku bar shi, shida ne a garin biyar da rabi, da sannu za a sake masa." Ni kuma Amurika yake ce mini.

"Amurika, bi a hankali. An jona ki a wutar da ta fi ƙarfinki."

"Tsohon miji, kai ko fis ba ka da shi. Na sake ka tun bara."

"Mace ce ke saki a garinku? Zo ki riƙe mini wayar nan."

Haka muke tun na fara kai masa abincin rana.

Akwai abin da yake yi wanda sai da na girma na gane. Boga, wato ɗan da ya tafi turai, zai aiko wa uwarsa talabijin. A tara gida, a kira maƙwabta, yara su cika taga, a jona. Shiru. Ko hoto yana ta gudu sama kamar ana jan guga. Ka ga fuskar uwar ta faɗi, wata a baya ta fara cewa ai bola ya tsinto mata. In aka kira Kaka, ba ya buɗe akwatin a nan. Zagaya shi zai yi, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga zai ji: "Kai! Wa ya aiko wannan? Ai babban akwati ne, ya fi ƙarfin tashar Tamale. Sai na kai shago na rage masa ƙarfi." Sai uwar ta gyara ɗaurin kallabi. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na ji ta a bakinsa ya fi a ƙirga. Allah Ya san dalilinta.

To da wannan na yi aiki. In alli ya ce Holan, sai in tambayi kaina da Mma da tsofaffin unguwa: wane gida ne ɗansu ya je Holan? Na hau babur ɗin Mma na shiga gari. Damina ce, hanyoyi duk taɓo, ga ni ba na iya tafiya a hankali. Na faɗi sau ɗaya a kwanar kasuwa, na tashi na ci gaba.

A Kalpohin na sami matar Alhajin Holan, shi ya rasu. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Yana nan? Wayyo Baba! Na yafe, na yafe, don Allah kar ki kawo mini, ina zan sa shi?" A bangonta ga wani shafal kamar allo. Yawancinsu haka suka yi. Su yi dariya, su ba ni ruwa, su ba ni labarin ranar da akwatin ya iso, ni kuma ina ɗokin su kai ga kalmar yafiya in wuce. Wani kuwa ya ce a'a, a ba shi abinsa. Ya biyo ni har gida, ya ɗauka, ya miƙa wa ɗan kondem a bakin ƙofarmu, muna kallo aka sa guduma. Haƙƙinsa ne. Kawu yana kan benci yana ɓare gyaɗa ya ce, "Kin ga? Inda za su duka ke nan, kina ta ƙona mai." Na tada babur na koma gari.

Me ya sa ba su dawo sun karɓa ba tun farko? Zamani ne ya juya. Dikoda ta zo, dish ya hau kowane rufi, sabbin talabijin ba ruwansu da ƙasar da ka jona su. Wanda ya kawo gyara, kafin ya waiwayo ya sayi sabo. Kaka bai taɓa yarda da dikoda ba. "Yanzu babu baƙo babu ɗan gida," yakan ce, kamar mai ba da labarin annoba. Aiki ya ɗauke, amma kullum da safe sai ya buɗe shago, ya karkaɗe ƙura, ya sake bin allin da ya dushe. Na sha ce masa ya rabu da su.

"In mai shi ya zo fa?"

"Ba zai zo ba."

"Ya aiko ki?"

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kaka yana da girman kai, kuma Ticha ya fi kowa sani. Ƙanin Ticha ya aiko masa akwati daga Faransa. Kaka ya duba ya ce wannan ba ya gyaruwa a nan. Da ya tsaya a haka da an zauna lafiya. Amma Ticha ya ce a gaban 'yan dara, "Alaji, ce kai bai iya ba." Shi ke nan. Kaka ya ɗauke akwatin, ya kwance shi gaba ɗaya, ya yi ta like-like, ya ciro hanjin wani ya dasa masa, har ranar da ya jona ya ƙone ƙurmus, unguwa ta cika da warin roba. Bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi laifin Faransa ne. Sallah biyu suka yi ba sa magana. Amma naman layya sai ya ƙulla ya ce in kai, Kirsimeti kuma Ticha ya ba ni shinkafa da zabo ya ce in kawo. Ni ce 'yar aike, ina tafe ina zaginsu duka biyun a raina. Wata rana kawai Ticha ya zo da allon dararsa ya zauna a bakin shago. Kaka ya matsa masa. Ba su ƙara ambaton akwatin ba, yana kuwa can ciki da allinsa.

Da na je wa Ticha da maganar, ya daɗe yana goge gilashinsa.

"Tibi? Tibi banza ne, ya tafi. Ni ya yafe." Ya mayar da gilashin. "Amma ranar ƙarshe ya ci ni dara, bai bari ni rama ba. Wannan ni bai yafe ba. Gaya ma Liman."

Waɗanda aka rasa masu su gaba ɗaya, Liman ya yi sanarwa a masallaci Juma'a bayan Juma'a, ya ce in babu wanda ya fito a sayar a yi sadaka da sunansu. Sauran na bi su ɗaya ɗaya. Ana saura 'yan kwanaki a yi addu'ar arba'in, sai guda ya rage wanda na san mai shi tana raye. Ƙato ne, mai jikin katako, allinsa ya ce Amurika. Na bar shi ƙarshe don tsohuwar mai shi ba ta zo gaisuwa ba, kuma na san bakinta.

Badagomba ce, tana zaune a Kanvili bayan wasu 'yan shaguna. Na same ta a tsakar gida tana tsinke ganyen ayoyo. Na durƙusa na gaishe ta da yarensu, na ce, "Dasiba."

"Naa." Ta kalle ni. "Kai jikan mai tibi ne."

Na ce e. Na ce Allah Ya yi masa rasuwa. Ta ce ta ji, ƙafa ce ta hana ta. Na zayyana mata abin da Liman ya ce, da sauri, don na haddace shi. Na ce kalma ɗaya kawai nake so.

"Ni bai yafe ba."

Na ɗauka ba ta gane ba. Na sake maimaitawa, har da ɗan Dagbancin da nake ji.

"Na ji kai. Bai yafe ba. Kawo tibi na."

Raina ya tashi. Na ce mata, "Mma, akwatin nan ya ƙone tun kafin a haife ni. Ba ya aiki, ba zai yi aiki ba, ko tashar da zai kama babu."

"Ya ce kayan gyara na hanya."

"Babu wasu kaya!"

Ta ajiye ganyen. "Kai ne za ka gaya mini? Na sani tun shekara na fari. Shi ma ya san na sani."

Daga nan ta ba ni labarin, rabi Hausa rabi Dagbanci, ni kuma karon farko a wata guda na zauna a ƙasa. Ɗanta ne ya aiko shi. Ranar da ya iso, ƙaninsa ya yi ɗoki ya jona, ya yi hayaƙi. Aka kai wa Kaka. Akwatin yana shago sai saƙo ya zo cewa ɗan ya rasu a can, a can kuma aka rufe shi, ko hularsa ba ta gani ba. Tun daga nan, duk Juma'ar da ta shiga gari sai ta biya ta shago ta ce, "Kaya ya zo?" Kaka ya ce, "Suna hanya." Ta leƙa ta ga akwatin, ta tafi.

"In ya ce ya mutu," ta ce, "sai in yi makoki biyu."

Washegari na ɗauko mai babur mai ƙafa uku, muka ciccibo akwatin ni da Kawu, yana mita. Da muka sauke a Kanvili, tsohuwar ta sa aka shigar da shi ɗakinta. Ta zagaya bayansa, ta ga allin, ta tambaye ni me aka rubuta. Na gaya mata. Ta jiƙa bakin zanenta ta goge shi tas.

"Ba Amurika ba ne. Na ɗana ne."

Sai ta nuna wani ƙaramin talabijin da ke kan teburinta, jikokinta sun jona masa dikoda, yana ta surutu. "Cire wannan. Na kakanka ne."

Ashe ranar da Kaka ya gane akwatin Amurika ba zai tashi ba, sai ya shiga cikin gida ya ɗauko nasa, ɗan Jamus ɗin da ya saya wa kakata, ya kawo mata ya ce ta riƙe kafin nata ya gyaru. Ni na tashi a gidan mai gyaran talabijin da babu talabijin a ciki, muna zuwa kallo maƙwabta, ina jin haushi, Mma tana cewa in daina tambaya.

Na ce, "Mma, wannan fa yana aiki. Wancan ba ya yi. Ki riƙe duka."

"Aro ne. Nawa ya dawo, nashi ya koma. Ni ma ina da kabari."

Jikokin suka fara kuka, ta daka musu tsawa suka watse. Ta sa aka ɗora ƙaton a kan teburin, ta buɗe kwalla ta ciro farin leshi ta lulluɓe shi. Ta koma ta zauna tana haki. Sannan ta ce, "Yanzu na yafe. Duniya da lahira. Allah ji ƙan shi." Ta nuna ni da yatsa. "Kai kuma. Na riƙe nashi ya daɗe. Ce ka yafe."

Na ce ni jika ce, ba ni da gado, sai dai Kawu. Na waiga, Kawu ya fita tsakar gida ya juya mana baya, kafaɗunsa na motsi.

"Kai ne ya zo," in ji ta. "Ce."

Na ce na yafe.

Mai ƙafa uku ya riga ya tafi, don haka a bayan babur ɗin Mma da na biyo su da shi muka ɗaure ɗan Jamus da igiyar roba, Kawu ya ce shi zai taka da ƙafa. Ya Allah, ga bawanKa nan, babu kayan kowa a kansa. Ka yalwata masa wuri, Ka yi masa sauƙin tambaya, Ka haɗa shi da matarsa. Daga Kanvili zuwa Bulpiela duk wani rami sai da na zagaye shi, masu babur na bayana suna ta danna mini oda, ban ƙara gudu ba.